Tunjeren Tanko Falke

Har yau ban manta da ranar da Tanko falke ya zo rumfata ba. Lokacin ban daɗe da barin hannun Sarkin Aska ba, wato shugabanmu na wanzaman Kontagora, wanda sai da izininsa mutum ke rataya zabirar kansa.

Tanko ya jira sai da kowa ya watse, sannan ya matso yana tafiya ƙafa a ware. Ya ce, "Wanzam, na kwaso tunjere."

Ga wanda bai sani ba, tunjere ciwo ne da ake ɗauka wajen kwanciya, in ya daɗe har hanci yake ci. Ƙa'idar aikinmu kuwa, tambaya ke gaba da dubawa. Na ce, "A ina, Maigida?"

"A zangon Zugurma. Wata bazawara mai fura."

"Kun kwanta?"

"A'a. Na zauna a tabarmarta, ta matsa mini ƙafafu. Na rungume ta."

"Sai kuma?"

"Sai jakina ya tsinke, na fita bin sa."

Na ce, "To jakin nan ka ƙara masa dusa."

Bai yi dariya ba. Ashe tun da ya dawo bai shiga ɗakin matarsa Ladi ba, don kada ya shafa mata. Ita kuma ba ta san dalili ba. Ta riga ta ɗaure kayanta, ta ce in ya gaji da ita, iyayenta na nan da rai a Beri.

Na kai shi bayan zana na duba. Cinyoyinsa sun yi jawur, fata ta saluɓe. Na tambayi abin da yake shafawa. Ya ce kanwa da toka safe da yamma, da ya ga shiru ya ƙara da nonon tumfafiya. Kafin ya fara shafe-shafen fa? Ɗan ƙaiƙayi ne kawai, irin wanda duk mai doguwar tafiya da damina ya sani.

Na gaya masa gaskiya, ba shi da komai, maganinsa ne ke cin sa. Ya ɗaure wandonsa a fusace ya ce, "Ashe yaro ne kai. Ni da nake jin abin yana yawo har cikin ƙashina?"

Na tafi wurin Sarkin Aska na kwashe duka na faɗa masa. Ya ce, "Ka taɓa shi da aska?"

"A'a, Baba, ai ba shi da ciwo."

"Wa ya ce maka ciwo ya kawo? Mutum ya ɗauko tsoro tun daga Zugurma, ka ce ya koma da abinsa? Je ka kafa masa ƙaho."

Na aika aka kira Tanko. Na tsaga bayansa, na kafa ƙaho na zuƙa, na juye baƙin jinin a kasko na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ka gani ko?" Sannan na gindaya sharaɗi: ban da ruwan ɗumi da man kaɗe, kada komai ya taɓa wurin da ya saluɓe. In kanwa ta kusance shi, ciwon zai dawo da ƙannensa.

Kafin wata ya mutu fata ta koma daidai. Ladi ta kwance kayanta. Da shekara ta zagayo, ni aka kira askin sunan ɗansu. A wurin ne Tanko ya ja ni gefe ya ce, "Ba don na nace ba, da ka bar ni na ruɓe. Ka riƙa jin maganar manya."

Na ce, "Na gode, Maigida."

Ku da kuke koyon aska yanzu, mai ciwon gaske ba ya wahalar da wanzami, ka duba ka yi abin da ka iya. Mai lafiya shi ne aiki. Kada ku sallame shi da baki kawai, don in ya fita, gindin tumfafiya zai koma.