Tabon da ke saman girarta

Shekarun baya, lokacin da nake kwana da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashin kai, na riga na zaɓi jarumin labarina. Abokin yayana ne, ɗan Rogo, mai gyaran waya a bakin tashar Karaye. Shi bai sani ba. Idan ya tsayar da babur a ƙofar gidanmu ya ce, "Ƙanwata, yayanki na ciki?" sai in wuni ina juya maganar.

Ana haka ƴar ƙanwar mahaifiyata ta zo daga Jajaye koyon ɗinki. Tsarata ce, mai kunya, ba ta taɓa buɗe littafin soyayya ba. Ba ta jima ba zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙuraje masu ruwa suka feso mata tun daga ciki har fatar kai. Babur ɗin abokin yayana aka roƙa ya kai ta asibiti, aka ce ƙarambau ne. Inna ta ware mata ɗakin ƙurya, ta hana yara da matar yayana mai juna biyu ko leƙawa. Ni kaɗai aka ba jinya, ban kuma tambayi dalili ba.

Ni ke haɗa mata ruwan wanka da ganyen darbejiya, ni ke shafa mata farin maganin da aka ba ta, har ta koma kamar wadda ta faɗa buhun fulawa. Da la'asar sai ga sallama a soro.

"Ƙanwata, ya mai jiki? Ga lemu. Ki ce mata don Allah kada ta sosa."

Kashegari kankana, jibi ayaba. Ni ce mai ɗaukar leda, ni ce mai kai saƙo.

"Me ya ce?" Haka take tambayata, idanunta na ƙyalli a cikin farar fuskar nan.

"Ya ce kada ki sosa."

"Shi ke nan?"

"To, waƙa kike so ya rera miki?"

Sai in zauna ina ɓare mata lemun. A littattafan da na karanta, a bakin gadon jinya ake sace zuciya, don haka na yanke cewa ciwon ne ya ja shi. Na koma shan ruwa a kofinta, ina kwana a tabarmarta, ina lulluɓa da mayafinta. Kullum da safe ina gaban madubi. Ran da ƙurji ɗaya ya fito min a haɓa, da gudu na je madafi.

"Inna, ni ma na kamu."

Ta kama haɓata ta duba. "Wannan ai na ƙuli-ƙuli ne. Ke kin yi naki tun kina goye, sai da na sa miki safa a hannu. Wanda ya taɓa yi ba kasafai yake maimaitawa ba. Da kin zaci iya jinyarki ce ta sa na zaɓe ki?" Ta ɗaga rigata ta dangwali tsakiyar bayana. "Ga shaidarsa nan."

Da ƙurajen suka bushe, ta fito soro yi masa godiya, ta ja ɗankwali har saman ido. Ni kuwa ina bayan ƙofa.

"Kin sosa ke nan," in ji shi.

"Sau ɗaya ne."

"Ɗaga ɗankwalin. Ai tabon ya zauna a wurinsa, kada ki ƙara ɓoye shi."

Duk littattafan da na haddace, ban taɓa cin karo da magana mai daɗin wannan ba, kuma ba ni aka faɗa wa ba.

Yau suna Rogo da ƴaƴansu, ni ce ma babbar ƙawa a bikin. Na gane ba ƙarambau ya haɗa su ba, tun a kan babur ɗin nan ya gan ta. Ba na riƙe da ita a raina, amma har yanzu in mun haɗu a suna ta yi dariya, ɗan ramin saman girarta ya motsa, sai wani abu ya ɗan mintsine ni.

Kwanaki na juya wa maigidana baya, na ce ya duba nawa tabon ya faɗa min abin da ya gani. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Sauro ne ya cije ki?"