Kazar da Ba Ta Gudu Ba

Akwai maganar da har gobe ba na son in ji ta a bakin maigidana, wato "kaza ce fa kawai". Shekaru sun tura, mun aurar da 'ya'ya, amma duk ranar da ya kuskura ya maimaita ta, to ya san tuwon darensa ba zai yi daɗi ba.

Kazar da ake magana wake-wake ce, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, jikar kazar da Inna ta ba ni lokacin da aka kawo ni Azare daga Gamawa. Wasu uwayen kan ba 'ya'yansu tunkiya, tawa kaza take da ita, ita ta bayar. Kazar nan ta yi albarka, ta cika mini tsakar gida. Sai annoba ta shigo unguwarmu ta share kajin tas har da zakaran, ta bar mini wake-waken nan ita kaɗai. Na sayo wasu matasan kaji a kasuwa don gida ya yi motsi, amma ba na haɗa su da ita a raina. Ana cikin haka Inna ta rasu.

Ina dawowa daga zaman makoki na tarar wake-wake ta hau kwanci. Babu zakara a gidan, ƙwan kuwa holoƙo ne, amma wa zai gaya wa kaza? Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce, ƙwan suka zama baragurbi, akurkin har ya fara ɗoyi, ita kuwa ko gezau. Na tsoma ta a ruwa, ta karkaɗe ta koma. Na ɗaure ƙafarta a gindin dalbejiya, ina kwancewa ta koma. Ta tsige gashin ƙirjinta, ta daina ci, idan ka ɗaga ta kamar ka ɗaga faifai. Na tabbata idan ba ta sami 'ya'ya ba a kan ƙwan nan za ta mutu, kuma da ita irin kajin Inna zai ƙare.

Maƙwabciyata, wata Hajiya da iyayenta suka zo daga Barno, ita ta fid da ni. Ɗan acaɓa ya take kazarta a lungu, ta bar 'yan tsaki sababbin ƙyanƙyasa. Ta aiko mini da su a ƙwarya. Ni kuma don ɗoki, da rana tsaka na tura ɗaya gaban wake-wake. Ta tayar da gashinta ta kai masa sara a ka, da ƙyar na fizge shi.

Hajiya ta leƙo ta katanga ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, ba a Gamawa kika tashi ba? Wa ya ce miki ana ba kaza 'ya'ya tana kallo? Jira duhu."

Bayan magariba ta shigo, ta hana ni kunna ko tocila. Ta murza 'yan tsakin da ƙaiƙayin da kazar ke kwance a kai. Ta zura hannu ta bayanta, ta zare ƙwai ɗaya ta cusa ɗan tsako ɗaya a gurbinsa, haka har suka ƙare. Ta zuba ɓawon ƙwai a gefe, don in gari ya waye kazar ta ga shaidar ita ta ƙyanƙyashe. Sannan ta toshe bakin akurkin da murfin tukunya.

"Yanzu ki yi shiru ki saurara," in ji ta. "In ta amsa musu, shi ke nan."

Muka tsugunna. 'Yan tsakin suna tsiyau-tsiyau, ita shiru. Can sai muka ji ta yi wata 'yar gurnani ƙasa-ƙasa, ta gyara zama, kukansu ya lafa. Wallahi tun rasuwar Inna ban yi kuka mai daɗi irin na ranar ba. Da safe na zuba ɓarzajjen gero, ta ɗauka ta ajiye tana kiran su, sannan ita ma ta ci.

Kwana kaɗan bayan haka aka yi sadakar arba'in ɗin Inna, dole in je Gamawa. Kafin in fita na tsaya a kan maigidana na ce, "Malam, ga ruwa ga gero na zuba musu. Don Allah kada a buɗe akurkin nan." A shekarun ne wayar hannu ta shigo gari, shi kuma bai daɗe da sayen tasa ba. Kansa na sunkuye yana latse-latse ya ce, "To, to, Allah ya kiyaye hanya."

Na dawo gab da magariba. Tun daga zaure na ji ƙamshin farfesu, na ga takalman baƙi. Yayan maigidana ne ya zo daga Sakwa da matarsa. Na durƙusa na gaishe su, suka yi mini ta'aziyya. Yaya yana suɗe yatsa ya ce, "Sai dai kazar nan taku duk ƙashi ce, ba kwa ba su abinci ne?"

Na waiga, na hango murfin tukunyar nan a yashe a ƙasa.

Gaban yayan miji ba wurin ɗaga murya ba ne, don haka na haɗiye. Na ja maigidana ɗaki.

"Wacce ka yanka?"

"Yaya ne ya zo ba zato. In bar shi ya ci tuwo gaya?"

"Na ce wacce ka yanka, Malam?"

"Na bi sauran sun haye katanga, ni ba yaro ba ne da zan yi ta tsere da kaji. Na buɗe akurki na ga wannan a zaune. Ita ce ba ta gudu ba."

Ita ce ba ta gudu ba! To ina za ta gudu, bawan Allah, da 'ya'ya a ƙarƙashin fiffikenta? Mutum da karatunsa, da aikin ofis ɗinsa, ya zura hannu ya ɗaga kaza, 'yan tsaki suna zubowa daga jikinta, bai tsaya ya tambayi kansa komai ba. Ban hana a karrama baƙo ba, a gidanmu ma haka na taso na gani. Amma kasuwa na nan kusa, 'yan acaɓa na ƙofar gida, ga wayar da yake ta taƙama da ita. Duk bai ga wannan ba, sai wadda ta fi sauƙin kamu. Da na gaya masa haka, a nan ya fara furta maganar nan tasa ta kaza ce kawai.

Matar Yaya ta same ni a madafa tana sosa ƙeya. Ta ce tana figa ta ga ƙirjin a tsige, ta gane mai kwanci ce, amma an riga an yanka. Har sun rage mini cinya a kwano. Ban ko buɗe kwanon ba.

Na shiga neman 'yan tsakin. Babu su a akurki, babu su a gindin dalbejiya, ko kukansu ba na ji. Na ɗauka shirwa ta gama da su. Sai da na zagaya bayan madafa, inda matar Yaya ta zubar da ruwan figa, sannan na gan su. Sun dunƙule wuri ɗaya a cikin jiƙaƙƙen gashin wake-wake, suna ta cusa kawunansu a ƙarƙashinsa.