Ranar da Na Ƙi Amsa Khadijatu

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har fuskokin wasu da muka kwana ɗaki ɗaya da su, amma ranar raba kyaututtuka ta shekararmu ta ƙarshe a sakandare kam, sai dai a rufe ni da ita. Lokacin muna Jihar Sakkwato, ba a yanke Kebbi ba, ni kuwa ina wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Yawuri.

Sunana Dije. A ƙauyenmu na bakin ruwa, wajen Ngaski, in ka tsaya inda jirage ke sauke kifi ka ɗaga murya ka ce Dije, sai ka ga kawuna sun juyo ta ko'ina: mai banda, mai tallan fura, har tsohuwa mai gyaran koma. Ba wanda yawan namu ya dama. Suna ne mai daɗin baki, gajere, kana iya jefa shi daga gaɓa ya iske jirgin da ke tsakiyar ruwa. Ni ce auta, don haka Inna ba ta jin kunyar sunana kamar yadda take jin na babbar yayarmu. Da shi take tashe ni, da shi take yi mini faɗa, da shi take sa mini albarka.

Da na shiga makaranta sai na tarar da masu sunana rututu, amma kowacce ta yi wa nata kwalliya. Wannan Hadiza, waccan Hadizatu, 'yan birni kuwa Khadija, suna wani kakaro shi daga maƙogwaro. Malamar da ke kula da ajinmu, wata doguwar mata mai tsafta da tsanani, ita ta tambaye ni sunana a ranar farko. Na ce Dije. Ta dube ni tun daga kallabi har silifa.

"Dije sunan talla ne," in ji ta. "Sunan Uwar Muminai aka ba ki, ba za ki gutsure shi kamar ƙosai ba. Daga yau ke ce Khadijatu."

Aji ya kwashe da dariya. A aji na riƙa amsa Khadijatu, a ɗakin kwana kuwa duk wadda ta kira ni da shi sai ta gaji ta ce Dije kafin in waiwaya. Kada a ce na raina dogon sunan. Shi liman ya raɗa mini, shi aka faɗa ranar ɗaurin aurena, ina kuma alfahari da mai asalinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce gajeren abin kunya ne, don kawai matan da ke amsa shi suna warin hayaƙi.

A shekarar ƙarshe na zo ta ɗaya a lissafi. Na aika gida, Inna ta ce ko da rarrafe sai ta zo. A lokacin idanunta sun riga sun tafi. Hayaƙin bandar kifi ya ci su a hankali, har ta kai ba ta bambance mutum da itace sai ya yi magana. Ba ta taɓa taka makarantar ba. Duk abin da za ta samu daga wannan biki, ta kunne zai shiga.

Ana gobe taro, da muka gama gwajin yadda za mu hau dandamali, na bi Malama har bakin ofis, na durƙusa.

"Malama, alfarma nake roƙo. In an zo kaina a ce Dije. Innata ba ta gani, kuma masu sunana da za a kira suna da yawa. Ba za ta san wacce ce tata ba."

"Manyan baƙi za su zo daga Sakkwato," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Kina so su ce kasuwar kifi muka tara? Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi, amma ban tafi da niyyar haƙuri ba.

Washegari da hantsi na hango su. Inna ta shigo jirgi mai inji har Yelwa, daga nan suka hau akori-kura ita da ƙanwarta, wadda ke riƙe da hannunta. Ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta yi lulluɓi da fari. Kujerun gaba na masu manyan riguna ne, su kuwa aka nuna musu benci can baya, ƙarƙashin dalbejiya, kusa da masu tallan gyaɗa. Ba a bar mu mu je gaisuwa ba.

Aka fara kira ta lasifika, Malama ce ke riƙe da abin magana. Aka kira wata Hadiza, kyautar Turanci. Na waiwaya, na ga Inna ta miƙe zumbur, ƙanwarta ta jawo ta ta zaunar. Aka kira wata Khadija, kyautar tsafta. Inna ta sake yunƙurawa, aka sake zaunar da ita, wasu mata na gefe suka rufe baki suna dariya. Daga nan ban ƙara ganin ta motsa ba. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Ta ɗaya a lissafi, Khadijatu..." Malama ta haɗa da sunan mahaifina, shi ma an miƙe shi yadda ko abokansa masunta ba za su gane shi ba.

Aka yi tafi. Ban tashi ba.

Ta sake kira. Ta kusa da ni ta mintsine ni a cinya. "Ke, kin haukace? Ke ake kira!" Na manne a benci kamar an kafa ni da ƙusa. Tafin ya mutu. Babban baƙon, wani dattijo mai farin gilashi daga ma'aikatar ilimi, yana tsaye da littafi a hannu, ya juya ya tambayi shugabar makaranta ko yarinyar ba ta da lafiya ne.

Sai na miƙe a inda nake, ban taka ko'ina ba.

"Ina nan, ranka ya daɗe," na ce. "Wadda ta haife ni tana can baya, ba ta gani. Dije take kirana. In ba a ce Dije ba, ba za ta san ni ce ba."

Wurin ya yi tsit, har kukan akuya ana ji daga bayan katanga. Shugaba ta zare mini ido. Dattijon ya leƙa bayan taro, sannan ya ce da Malama, "To, a kira ta yadda uwarta za ta ji mana."

Malama ta matso da abin magana. Ta faɗe shi ƙasa-ƙasa, a tsakanin haƙora, amma lasifika ba ta san rufin asiri ba. "Dije."

Wallahi har masu tallan gyaɗa biyu sai da suka amsa. Taro ya fashe da dariya, a cikin dariyar kuma na ji muryar da na sani tun ina goye.

"Wagga tawa ta! Ɗiyata ta! Dijena!"

Ta rangaɗa guɗa irin ta bakin ruwa, doguwa mai tsaga kunne, matan da suka yi mata dariya ɗazu suka taya ta. Na hau dandamali ina hawaye, na karɓi littafin da hannu biyu, ban koma layinmu ba. Na ratsa tsakanin kujeru har ƙarƙashin dalbejiya na ɗora mata shi a cinya. Ta shafa bangon, ta shafa fuskata, ta ce, "Mi ya sa ki kuka? Ai na jiya da kunnena."

Ban sha ba, ba zan ɓoye ba. Da baƙi suka watse aka kira ni ofis. Malama ta ce na tozarta ta a gaban manya. Aka ba ni zaɓi: ko in tsaya gaban 'yan makaranta in ce na yi kuskure, ko in nome ciyawar bayan ɗakunan kwana ni kaɗai, ga shi ana cikin jarrabawar ƙarshe. Na ce, "Malama, in na ɓata miki rai ki yafe mini, ke uwa ce. Amma ba zan ce kuskure na yi ba." Na ɗauki fartanya. Da safe in rubuta jarrabawa, da yamma in yi noma, har tafin hannuna ya yi kanta, alƙalami ma da ƙyar nake riƙewa. Wasu daga cikin masu sunana suka riƙa zagayowa suna taya ni kwashe ciyawa, har da 'yar birnin nan mai kyautar tsafta, wadda ta raɗa mini cewa ita ma a gidansu Dije kakarta ke ce mata.

Na ci jarrabawata, na yi karatun malanta, na koyar har na yi ritaya. Duk yarinyar da ta shigo ajina, nakan tambaye ta yadda ake kiranta a gida, in kuma tambaye ta wanda take so in kira ta da shi. Wata ta zaɓi dogon, wata gajeren, ban taɓa zaɓar wa kowa ba.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk mai son ya ɗaukaka ka amma sai ya fara sa ka jin kunyar inda ka fito, ba ɗaukaka ka yake yi ba, raba ka da naka yake yi. In ya zo da wannan, ka gaishe shi da ladabi, ka ƙi.