Mun Sayar da Shanu, Mun Tafi Ijora Sayen Tarakta

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, mu uku: ni, da dattijon da ke shugabantar ƙungiyarmu ta manoma, da direban da zai riƙa tuƙa taraktar idan an saya. Ku da kuke ta tambayata yadda tafiyar Legas ta kasance, to ga ta nan. Ɓarayin shanu ne suka matsa mana lamba, har muka yanke shawarar kowa ya sayar da shanunsa na huɗa tun ba a kore su ba, a haɗa kuɗin a sayi tarakta. Yau a garinmu babu sa ko ɗaya da zai ja garma. Idan muka yi zaɓen tumun dare, bana babu huɗa, kuma mu ukun nan za a nuna da yatsa.

Hanya kam sai addu'a. Duk dajin da muka shiga sai motar ta yi tsit, masu surutu su koma jan carbi. Direban bas ɗin kuwa kamar wanda aka biyo, rami da kwalta duk ɗaya ne a wurinsa. Sai da muka haye gadar Jebba na iya sa wani abu a cikina, shinkafa da wake, farashin sai ka ce da rabin rago aka haɗa maka.

Washegari muka sauka Agege wurin wani ɗan garinmu mai sana'ar shanu. In ba don ihun 'yan danfo ba, wato ƙananan bas ɗin hayarsu, sai ka rantse a Kano kake: ga mai shayi, ga mai tsire, ga kiran salla ta ko'ina. Haifaffun wurin kuwa su fara maka magana da Hausa, su ratsa ta Yarbanci, su ƙarasa da Turanci. Burodinsu ya yi, ba ƙarya. Amma da aka kawo wa dattijonmu amala, ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaya me ya sami tuwon ya yi baƙi haka.

Da safe muka nufi Ijora, unguwar da ake sayar da taraktocin. Wayyo, wannan hanya! A kan gada wata tirela ta jero da danfonmu, kwantenar da ke bayanta a karkace, tana rangaji a saitin kaina. Duk wata addu'a da na iya sai da na karanto ta. Sauran fasinjoji ko a jikinsu, wata mata ma gyaɗa take ci.

Mai sayar da taraktocin Bahaushe ne haifaffen Legas, kowa oga ne a bakinsa. Ya fara nuna mana ta Turai: ƙatuwa, ɗakin direba na gilashi mai sanyi, ga allo kamar na waya, ga ƙarancin shan mai idan aka duba aikin da take yi. Direbanmu ya shiga ya ƙi fitowa. Ni ma ta tafi da hankalina, har sai da na zagaya bayan wurin neman ruwan alwala. Can na tarar da irinta a jere, fentinsu ko dushewa bai yi ba, tayoyinsu duk jar ƙasa irin ta wajenmu. Na dawo na tambaye shi, bai ɓoye ba.

"Oga, daga Arewa aka dawo da su gyara. Man jarka suka sha. Ita wannan da ta ji ruwa ko datti a dizal sai ta kashe kanta, kuma ba mai tashinta sai mai kwamfuta."

Mu da duk ƙaramar hukumarmu ba mu san wani dizal ba sai na jarka a bakin titi! Da ban je alwalar nan ba, da ita za mu ci bashi mu cika mu ɗauko.

Ta biyu ta Indiya ce, matsakaiciya. Ba ɗaki sai 'yar rumfa, ga ƙara, ga hayaƙi, kuma ta fi shan mai. Amma kowane makanike zai iya buɗe cikinta, kayan gyaranta kuma ana samu a Kano da Zariya. Sai kuma wasu ƙanana na China a gefe. Kuɗin ta Indiya ɗaya zai sayi biyu har da garmunansu, mai kuwa kaɗan suke sha. Mutumin ya ce a ƙasa mai yashi suna aiki, a laka ne suke wahala, kuma sun fi saurin tsufa. Gonakinmu yawanci yashi ne, amma ko tsayawa ba mu yi ba. Dattijonmu ya zagaya ta Indiya yana bubbuga taya, yana duba ƙirjinta kamar yadda ya saba a kasuwar shanu.

"Wanda ya je sayen bijimi ba ya komawa gida da maruƙa," in ji shi.

Muka yi dariya, muka yarda. Ni dai kunya nake tsoro: mutane su rabu da manyan shanu, mu kawo musu abin da bai kai keken adaidaita ba? Muka sayi ta Indiya.

Ɗan garinmu ya samo mana tirelar da ta sauke albasa a Ketu za ta koma ba kaya. Muka ɗaure taraktar, muka zauna gaba. Duk ramin da aka faɗa sai na leƙa in ga ko sarƙa ta kwance. Muna wajen Mokwa aka bugo waya daga gida: an yi ruwan shuka, mai yawa. Muka yi ta hamdala, muna roƙon direba ya ƙara wuta.

Mun shiga gari mata na guɗa. Amma washegari, gari bai gama wayewa ba ƙofar gidan dattijo ta cika maƙil da magidanta, kowa na cewa da gonarsa za a fara. Da, in an yi ruwa, kowane gida shanunsa yake ɗaurawa, gari duka ya huɗe tare tun laima ba ta gudu ba. Yanzu gari guda na bin injin ɗaya. Wasu 'yan uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, sai da aka shiga tsakaninsu. Ƙarshe ƙuri'a aka jefa, mu ukun kuma muka sa kanmu a can baya, don kada a ce mun yi son kai.

Taraktar ba ta da laifi. Tun safe har magariba take aiki, ko tari ba ta yi ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, mun tambayi shan mai, mun tambayi kayan gyara, mun tambayi ƙarfi, amma babu wanda ya tuna cewa ruwan sama rana ɗaya yake sauko wa kowa. Yanzu haka da nake rubuta muku wannan, layi bai kai rabi ba, kuma tun ruwan nan ba a sake ko yayyafi ba. Jiya na je gonata na tura yatsa a ƙasa, ta fara tauri. Irin gero na nan a buhu a ɗaki. Ɗazu maiɗakina ta ce, "Malam, yaushe za a zo tamu?" Na ce mata an kusa, ban yarda mun haɗa ido ba.