Murjanin Malam Sagir a Hannun Yari

Malam Sagir na Kambarawa ya yi shekara talatin yana aikin gwajin ruwan sha. Da ya yi ritaya muka ce madalla, zai dawo benci mu ci gaba da musu. Ina! Sai ya kawo teku falonsa, mutumin da ko Legas bai taɓa kwana ba.

Akwatin gilashi ya cika da ruwan gishiri, ya dasa murjani mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku yana fid da rassa. Kullum da safe yakan ɗebi ruwan ya gwada, sannan ya jawo kwalabe biyu. Ɗaya kalsiyam ce, da ita murjanin ke gina ƙashinsa, ɗayar kuma tana hana ruwan tsami. Ta farko da hantsi, ta biyu bayan la'asar. In aka haɗa su sai su dunƙule su zama alli, murjanin bai samu komai ba. Na haddace duk wannan, don shekara shida nake zama gefensa ina yi masa ba'a.

Da zai tafi aikin Hajji, har na gyara aljihun da zan sa makullin falon. Sai ya miƙa wa Yari mai kemis na Ƙofar Guga.

Na ce, "Malam, ni fa?"

Ya ce, "Kai Ado, bakinka ya fi hannunka sauri. Yari ya saba da awo."

Kwana biyu da tafiyarsa na leƙa. Na tarar da Yari ya tsiyaya kwalaben biyu a kofi ɗaya yana kaɗawa, yadda yake haɗa wa mai zazzaɓi ƙwayoyi a leda guda. Na buɗe baki, na tuna waye aka ba makulli, na rufe.

"Sannu da aiki, likita," kawai na ce.

Ran kwana na shida Yari ya zo har gida yana zufa. Muka je. Ruwa ya yi fari kamar an dama nono, babban reshen nan da Malam ya raina tun yana kamar kan ɗan yatsa ya koɗe fat.

"Ado, don Allah me na yi?"

"Ni ka tambaya? Ai kai ne sarkin awo."

Amma dai na gaya masa. Muka sauya ruwa, muka raba wa kwalaben lokaci.

Malam ya dawo Alhaji. Ya daɗe tsaye gaban gilashin, sannan ya sa hannu ya ƙarye mataccen reshen. Yari ya faɗi laifinsa, ya ce daga baya aka gano gyaran. Wai "aka"!

Alhaji ya ce wa Yari, "Ka ceci sauran, Allah ya saka maka." Ya ba shi jallabiya, ni kuwa dabino bakwai kamar kowa.

Na so in ce ni ne na gyara. To, in ya tambaye ni tun yaushe na gani fa? Sai na ci dabinona.