Kurciyar Inna da Muryar Aro

A gidanmu na Ƙofar Kwaya, ba a fara tatsuniya sai an kwashe tuwo. Kakarmu, wadda muke kira Inna, takan jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura gyaɗa cikin toka mai zafi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-ture. Tsohuwar nan ba ta san gaggawa ba. Sai ta ga mun ƙosa sannan ta ce, "To, ga ta nan tafe, wa zai tarbe ta?" Mu haɗa baki mu ce, "Mu ne!"

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ta kurciya. Wai tana da 'ya'ya a kogon kuka, ta gargaɗe su kada su leƙo sai sun ji waƙarta. Rannan a bakin rafi ta ji kanari yana rera tasa, tsuntsaye sun taru ana ta yabo. Abin ya ba ta sha'awa, ta roƙe shi ya koya mata. Kashegari ta je wajen tsattsewa, daga nan sai gauraka. Da ta dawo gida ta buɗe baki, sai muryar kanari. Ta sake, sai ta gauraka. Ga hadari ya haɗo, ga shaho yana shawagi, 'ya'yan na ciki da yunwa suna cewa wannan ba uwarmu ba ce. A nan Inna ke rera mana waƙar da kurciyar ta manta, a hankali, har tsigar jikina ta tashi. In muka ce, "Inna, sun leƙo?" sai ta ce, "Ku ci gyaɗarku, halan ina wurin?"

Yanzu ni ma uwa ce, kuma da wayata nake ɗaukar tatsuniyoyi ina sa wa a intanet. Wajen masu bidiyon da nake so na koyi sana'ar, ba zan yi musu butulci ba. Akwai wani mai fara labari da ihu, daga tsakiyar rikici. Akwai wata mai ɗaga gira, tana yanke duk inda ta ja numfashi daga bidiyon. Na kwaikwaye su har yadda suke karkata kai, masu kallo kuwa suka ƙaru.

Sai ranar da na ce bari in yi ta kurciya. Na zo daidai waƙar, na buɗe baki, wayam! Kalmomin suna nan, amma karin ya tafi. Duk abin da na rera sai ya fito da kiɗan bidiyon mutane. Inna ta daɗe da rasuwa, ba wanda ya taɓa naɗar muryarta. Mutum ɗaya ya rage da zai iya tunawa, Gwaggo Hajara, yayar babanmu, tana Batagarawa a kwance, ko kunu da ƙyar take sha. Duk hanya addu'ata ɗaya ce, Allah Ya sa in same ta cikin hayyacinta.

Bayan mun gaisa na yi mata ya jiki, na ce, "Gwaggo, waƙar kurciyar Inna na zo ki tuna mini."

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, wacce daga ciki? Inna ba ta taɓa rera ta iri ɗaya ba. Ran da aka ɓata mata rai daban, ran da take kewar uwarta daban. Ni kam numfashin ma babu. Yi taki in ji."

Na so in yi kuka. Ashe abin da na zo nema ba a ajiye yake ba, balle a miƙo mini. Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar tana hana aro ne, alhali Inna ma wajen wasu ta ji ta. Ita dai ba ta bari aron ya hana ta jin abin da ke cikinta. Ni kuwa na yanke numfashina kaf, don kada masu kallo su gaji.

Na kife wayar a kan tabarma. Na rera, ina tsoron Gwaggo da ke gabana, ina kewar Inna. Haka har na kai ƙarshe.

Gwaggo ta share ido da bakin mayafinta ta ce, "Ko kusa ba haka take yi ba. Sake yi mini."