Yadda Yaya Bala Ya Zama Alhaji Tautau

"Kak ka taɓa shi, wanga tautau na!" in ji Inna, tana nuna wani gizo-gizo bisa komar kamun kifi a gidanmu na Yelwa.

Lokacin an yi sabuwar jihar Kebbi, yayana Bala ya dawo daga karatun namun daji. Ya buɗe littafi, ya rattabo sunan Turanci mai tsawon kwalekwale.

"Inna, wanga ba ya komi."

Har ya ɗora shi a kumatu don mu gani.

Washegari, ranar ɗaurin aurenshi, kumatun ya tashi da bororo.

Sunan Turancin ya ɓace. Bala kuwa, har jikokinshi Alhaji Tautau suke ce mishi.

Ya kuke kiranshi a garinku? Gizon fa, ba Bala ba.